Kwana Uku a Bakin Tafkin Volta

 

A aikinmu na rediyo babu abin da ake gudu kamar shiru. Idan mai gabatarwa ya yi daƙiƙa biyar bai ce uffan ba, sai ka ga injiniya ya miƙe tsaye a bayan gilashi, mai sauraro kuma ya shiga murɗa akwatinsa yana zaton batir ne ya mutu. Shekaru na kwashe ina wannan sana'a ta cike shiru da magana. To, yau ina so in ba ku labarin wani wuri da shirun ne hajar da ake sayarwa, da tsada kuma, sannan in gaya muku abin da na tarar a ƙarƙashinsa.

Biki ne ya kai mu ƙasar Gana, ni da mai ɗakina. 'Yar yayana aka aurar a unguwar Nima da ke Akra, birnin da mutanenmu na can ke kira Ankara. Da aka watse, sai wan amaryar, wanda ya san likita ya daɗe yana yi mini faɗa a kan hawan jini, ya same ni ya durƙusa ya ce, "Baffa, na kama muku ɗaki na kwana uku a bakin ruwa, kai da Umma. Na riga na biya, don Allah kada ka ce a'a." Na so in ce a'a ɗin. Wanda ya tashi a gidan da ake auna hatsi da tiya, ba ya jin daɗin a kashe masa irin wannan kuɗi a kan wurin kwanciya. Amma ba a mayar da hannun kyauta baya, balle kyautar ɗa.

Daga Akra zuwa Akosombo kusan kilomita 100 ne. Ka bi ta Tema, ka wuce Kpong, ka iso Atimpoku, inda gadar Adomi take, wata doguwar gadar ƙarfe mai lanƙwasa kamar baka, wadda aka buɗe a 1957, shekarar da ƙasar ta sami 'yancin kanta. Da mota ta rage gudu mata suka yo ca da farantai a ka: ga abolo, wani irin tuwon masara mai ɗan zaƙi da ake turarawa a cikin ganye, ga soyayyen jatan lande, ga wasu mitsi-mitsin kifaye da sunansu a can ke nufin mutum ɗaya ya ci dubu. Daga nan muka bar kwalta, muka bi wata jar hanya a gindin duwatsu har inda ta ƙare a bakin ruwa. Nan wani ƙaramin jirgi mai inji yake jiranmu. Ba zan faɗi sunan masaukin ba. Ba talla na zo yi ba, ba kuma ƙarar kowa na kawo ba.

Gani ya kori ji. Ɗakuna ne 'yan kaɗan, kowanne a ware da ɗan'uwansa, bishiyoyi sun shiga tsakani yadda ba ka ganin maƙwabcinka ba ka jin tarinsa. Bangon ɗakinmu da ke duban ruwa gilashi ne tun daga ƙasa har sama. In ka ture shi sai ka fito kan wata barandar katako da aka kafa a kan ginshiƙai a cikin ruwan. Gado mai faɗi, farin zanen gado, gidan sauro a ɗaure a sama, kwandon ayaba da abarba a kan tebur. Babu talabijin, kuma da gangan aka ƙi sawa. Yaron nan namu ya gaya musu ko mu su wane ne, don haka muka tarar da dardumar salla guda biyu a ninke, da wata 'yar takarda da aka zana kibiya a kai tana nuna alƙibla. Wannan ɗan ƙaramin abu ya fi gilashin da gadon shiga raina. Da magariba aka kawo mana gasasshiyar karfasa da banku da yajinsu mai mai, muka ci a barandar, rana tana faɗawa bayan duwatsun da suka kewaye ruwan.

Daren farko kunnuwana suka yi ta ƙara. Na daɗe kafin in gane dalili. Mu da muke kwana tsakanin janareton maƙwabci da hon ɗin adaidaita sahu da lasifikar masu biki, kunnenmu ya saba da ɗaukar kaya, ranar da aka sauke masa sai ya rasa yadda zai yi. Abin da ake ji kawai shi ne ruwa yana marin ginshiƙan baranda, fat, fat, sai kukan gyare, sai can wani tsuntsu da ban san sunansa ba. Na kwanta bayan isha'i, ban farka ba sai asuba, abin da na manta rabona da shi. Amma da na farka sai na ji wani abu ya yi mini giɓi: babu ladan. Tunda nake ban taɓa kwana a inda kiran salla ba ya isowa ba, ko daga nesa. A nan na fara fahimtar iyakar abin da ake nufi da keɓewa.

Da hantsi muna shan shayi, mai ɗakina ta dube ni ta ce, "Malam, rabon da in ga ka ci abinci babu waya a hannunka tun kafin a haifi auta." Gaskiya ta faɗa. Muka yi hirar da muka yi shekaru ba mu yi ba, ta iyayenmu da suka rasu, ta gidan hayar da muka fara zama, ta abin da muke tsoro game da 'ya'yanmu.

Saboda haka bari in faɗi wannan tun da wuri, kada wani ya ɗauka na zo kushe hutu ne. Hutu haƙƙin jiki ne. Mu a wajenmu magidanci ba ya hutawa sai a gadon asibiti. In ka ce za ka ɗauki iyalinka ku tafi wani wuri ku zauna kwana uku ba biki ba ta'aziyya ba fatauci, sai a ce ka sami wuri, ko a ce almubazzaranci ne. Na san dattawan da suka yi shekara arba'in suna buɗe shago da safe su rufe da dare, ba su taɓa kwana ɗaya a wani wuri don kansu ba, har ranar da rabin jiki ya shanye. Na san matan da tun ranar da aka kai su ɗakin miji ba su taɓa cin abincin da ba su suka dafa ba sai a jego. Wanda Allah ya hore wa, ya kai uwargidansa inda za a dafa a kawo mata, ta zauna ta kalli ruwa, bai yi laifi ba. Ni na ga amfaninsa a jikina.

Abin da ya faru a safiya ta biyu shi ya sa na kawo muku wannan magana.

A gaban ɗakunan an ja wata igiya a kan ruwa, an ɗaɗɗaura mata robobi masu yawo, alamar nan ne iyakar ruwan masauki. Gari ya fara wayewa, ina zaune a baranda da carbi, sai ga wani kwalekwale ya ɓullo daga cikin hazo. Mutum biyu ne a ciki, wani magidanci da wani yaro da bai wuce shekara goma ba, daga shi sai gajeren wando. Suna jan raga, sai ta maƙale a wani abu a ƙarƙashin ruwa, ɗan cikin igiyar nan kaɗan. Mutumin ya ja, ya sake ja, ta ƙi. Ya yi wa yaron magana. Yaron ya ajiye ƙoƙon da yake kwalfe ruwa da shi, ya toshe hanci, ya faɗa. A daidai wannan lokaci maigadin masaukin ya taho da sauri ta bakin gaɓa yana hura usur, yana yi musu nuni da hannu su fita.

Jama'a, ni ban ji usur ɗin sosai ba, idona yana kan inda yaron ya nutse. Ruwan ya rufe, ya kwanta lumui kamar ba abin da ya shiga cikinsa. Na sami kaina ina ƙirgawa da carbin da ke hannuna. Na wuce talatin. Na miƙe tsaye. Sai can ga kansa ya ɓullo, yana tari, yana riƙe da bakin ragar. Mutumin ya kama hannunsa ya jefa shi cikin jirgin, suka tattara komarsu, suka juya ba tare da sun dubi kowa ba. Maigadin ya waiwayo ya ba ni haƙuri da Turanci, wai sun dame ni. Shi a ganinsa ni aka yi wa laifi. Ba mugun mutum ba ne, aikin da aka ɗauke shi ke nan.

Da la'asar aka ce akwai yawon jirgi ga baƙi. Mai tuƙin wani dattijo ne siriri mai farin gemu, yana sanye da rigar masaukin. Da ya ji muna magana da mai ɗakina sai ya rage inji ya ce, "Sannunku da hutawa. Daga wane gari?" Hausarsa irin ta zango ce, amma tas take fita. Na ce daga Kano. Ya saki sitiyari ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce, "Garin Malam."

Kafin in tambaye shi wane Malam, sai na tambaye shi abin da ya kama ragar mutanen nan da safe. Ya nuna mini wasu baƙaƙen abubuwa da suka ɗan leƙo saman ruwa can gefe, kamar kawunan kada. Ya ce, "Itatuwa ne, Malam. A tsaye suke. Nan duk daji ne da gonaki."

Ga abin da ya kamata mai sauraro ya sani. Tafkin Volta ba Allah ne ya halicce shi tafki ba, kogi ne aka datse. Tun a 1915 wani Bature masanin ma'adinai, Albert Kitson, ya hango cewa in aka toshe kogin a matsatsin duwatsun Akosombo za a sami wutar da za a narkar da ma'adinin da ake yin sanholo da shi. Magana ta yi ta kwana tana tashi har zamanin Kwame Nkrumah. A 1961 aka kafa hukumar kula da kogin Volta aka fara aiki, aka cike tsakanin duwatsun nan da dutse da yumɓu har tsayin mita 114. A 1964 ruwa ya fara taruwa, a farkon 1966 Nkrumah ya buɗe madatsar, wata guda kafin sojoji su hamɓarar da shi. Ruwan da ya taru ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 8,500, wato fiye da kashi 3 cikin 100 na ƙasar Gana baki ɗaya, ya zama ɗaya daga cikin mafiya girman tafkunan da hannun ɗan'adam ya yi a duniya. Ba a sare dajin ba kafin ruwa ya zo. Manyan itatuwan nan suna nan tsaye a ƙarƙashi fiye da shekara hamsin, suna yaga koma, suna fasa jirage. An sha yin asarar rayuka a tafkin nan saboda jirgi ya yi karo da kututture. Su ne kuma dalilin da ya sa ake sa yara nutso su kwance raga, aikin da ya ci yara da dama, wanda hukumomin ƙasar da ƙungiyoyi suka daɗe suna yaƙi da shi.

Ba itatuwa kaɗai ruwan ya rufe ba. Mutum kusan 80,000 aka tasa daga ƙauyuka fiye da 700, aka tattara su a sababbin matsugunai 52. Dattijon nan yana cikinsu. Yana ɗan yaro a lokacin.

Ya kashe injin gaba ɗaya, jirgin ya tsaya yana lilo. Ya ce, "Ruwan bai zo da gudu ba, da ya zo da gudu da mun ce ambaliya ce. A hankali ya zo. Mu yara mukan kafa kara a bakin ruwa da yamma, da safe mu je mu tarar ya shanye shi. Gobe mu matso mu kafa wani. Mu wasa muke yi. Iyayenmu kuwa ba sa barci." Ya ce ya tuna macizai da ɓeraye da suka riƙa shigowa gari suna gudun ruwa. Ya tuna lambar da ma'aikata suka rubuta da fenti a jikin ƙofarsu. Ya tuna ranar da manyan motoci suka zo, kakarsa ta ƙi hawa sai da aka tsaya ta je maƙabarta ta yi sallama da mijinta. Ya ce gidan da aka ba su a sabon gari ɗaki ɗaya ne aka gama, aka ce su ƙarasa sauran da kansu, alhali gidan da suka baro sassa huɗu ne.

Na ce, "Baba, wane gari ne naku?"

Ya ɗaga hannu ya nuna arewa, inda ruwa ya haɗe da sama. Ya ce, "Kete. Da nisa daga nan, amma ruwan ɗaya ne."

Masu sauraro, a nan jikina ya yi sanyi, domin sai a lokacin na gane Malamin da yake nufi. Duk wanda ya karanta tarihin adabin Hausa ya san Kete-Krachi. Tun kafin zuwan Turawa kakanninmu suke fataucin goro zuwa Gwanja. Ayari yakan tashi daga Kano ko Sakkwato da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, madugu a gaba, a yi watanni ana tafiya har kasuwar Salaga, wadda suke kira Salga, a sayo goron ƙasar Ashanti a juyo. Da yaƙin basasa ya tarwatsa Salga a 1892, fatake da malamai da yawa suka gangaro kudu suka sauka a Kete, kusa da garin Krachi a bakin kogin Volta, zangon ya cika ya batse. A cikin waɗanda suka koma can akwai Alhaji Umaru, wanda ake kira Imam Umaru ko Umaru Salga. A Kano aka haife shi wajen 1858, asalin gidansu Kabi. Ya yi limanci a Kete, ya koyar da ɗalibai da suka bazu a zangunan ƙasar, ya yi rubutu da Larabci da ajami. Ya yi waƙa a kan zuwan Turawa, ya yi a kan talauci da wadata, ya yi a kan annobar murar 1918. A farkon zamansa a Kete Jamusawa ne ke riƙe da wannan yanki, kuma jami'insu Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus na Hausa a 1906, a wajensa ya sha karatu, ya kuma sa shi rubuta labaran ƙasashen Hausa da har yau masana ke komawa gare su. A Kete ya rasu a 1934. Shekara talatin bayan rasuwarsa ruwa ya hau garin. Kete-Krachin da ke kan taswira yanzu sabon gari ne da aka gina a kan tudu. Tsohon, da kasuwarsa da lungunansa da zaurukan da aka yi karatu a ciki, yana ƙarƙashin ruwan nan da na yi kwana biyu ina yaba kyansa daga baranda.

Dattijon ya ce mahaifinsa a hannun ɗaliban Malam ya yi karatu. Ya ce, "Shekarata bakwai ina tuƙa baƙi a nan. Suna tambayata sunan tsuntsu, suna tambayata ko akwai kada. Kai ne na farko da ya tambaye ni garinmu."

Adalci shi ne in faɗi ɗaya ɓangaren. Madatsar nan ita ta haska Gana. Ƙarfinta yanzu ya kai megawat 1,020, kuma an daɗe ana sayar wa Togo da Benin wuta daga cikinta. Asibitoci da makarantu da masana'antun Tema duk sun ci moriyarta. Mafi yawan kifin ruwan daɗi da ake ci a ƙasar daga tafkin nan yake fitowa, jirage kuma na ɗaukar kaya daga Akosombo zuwa Yeji da Buipe a arewa. Amma a shekarun farko kaso mai tsoka na wutar kamfanin narka sanholo na Valco ne ya riƙa sha da araha, yayin da da yawa daga matsugunan waɗanda aka tasa suka yi shekaru suna kwana da fitilar kananzir. Sai a 1996 aka kafa asusu na musamman don kula da su. Tsargiya ta yaɗu a ƙauyukan bakin tafkin, domin kwantaccen ruwa mai ciyawa shi dodon koɗin da ke ɗauke da cutar yake so. A ƙasan madatsar kuma, a watan Satumba na 2023, da ruwa ya kusa kai iyakar ƙafa 278 da madatsar ke iya riƙewa, dole aka buɗe ƙofofi, ruwa ya shiga Mepe da garuruwan da ke kewaye, dubban mutane suka rasa matsuguni. Mutanen bakin wannan ruwa ba su gama biyan kuɗinsa ba har yau.

Da dare na nemi ganin manajar masaukin, wata matashiya mai ladabi. Na gaya mata abin da na gani da safe. Ba ta musa ba. Ta ce baƙi kuɗi suke biya don kada a dame su, kuma akwai waɗanda suka taɓa ƙorafin cewa masunta na tashinsu da asuba. Ta ce kusan duk ma'aikatansu daga ƙauyukan kusa suke, albashin nan shi ke biyan kuɗin makarantar yara da yawa. Na yarda da ita, don na ga ma'aikatan da idona. Na tambaye ta kifin da muka ci fa? Ta ce daga masu kiwon kifi a keji suke saye, saboda girmansa ɗaya ne, ya fi kyau a faranti.

Na gode mata, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Abin da ya kai ni wurin nan gudun hayaniya ne, ban je gudun mutane ba. Motsin filafilin masunci da asuba ba ya cikin abin da ke hana ni barci a Kano. Wanda ya ja igiyar nan a kan ruwa ya ɗauka cewa baƙo ba zai huta ba sai an share masa 'yan gari daga gabansa, kuma mu baƙin mu muka koya masa haka, da irin ƙorafinmu da irin hotunan da muke so mu ɗauka, ruwa fetal babu kowa a kai. Alhali baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Ni kwana uku zan yi in tafi. Mutumin nan mai kwalekwale, mai yiwuwa gonar kakansa ce a ƙarƙashin barandar da nake zaune. An tashe su sau ɗaya don a yi wa ƙasa wuta. A sake korar jikokinsu da usur don in sha shayi cikin natsuwa, wannan ban iya haɗiye shi ba.

Ba abu mai wuya nake nema ba. Masaukin da ya iya zana mini alƙibla a takarda zai iya ajiye wata takardar a ɗaki mai faɗin sunayen ƙauyukan da ke ƙarƙashin ruwan da ke gabansa. Zai iya barin mashigar masunta a buɗe, ya gaya wa baƙo tun ranar da ya sauka cewa da asuba zai ga masu ruwan sun fito aiki. Zai iya sayen kifin mutumin nan ko da wani ya fi wani girma, da sharaɗin yaron yana aji ba ya ƙarƙashin ruwa. Mai biyan kuɗin ɗaki kuma yana da bakin magana fiye da yadda yake zato. In baƙo goma suka tambayi inda kifi ya fito, na goma sha ɗaya zai tarar an canza.

Ina wannan tunani ne kuma da gida a raina. Mu ma muna da irin wannan ruwa. Gwamna Audu Bako ya gina madatsar Bagauda da ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, aka yi otel a bakin kowacce: na Rock Castle a kan dutse yana kallon Tiga, da na Bagauda wanda daga baya ya zama reshen makarantar horar da lauyoyi. Ruwan Tiga shi ke shayar da shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura, amma shi ma sai da aka tashi ƙauyuka kafin ya kwanta, kuma manoma da masuntan fadamar Haɗeja da Nguru sun san abin da ya rage musu na ambaliyar da suke noma da ita. Kullum ana maganar farfaɗo da wuraren shaƙatawar nan, kuma ina fatan a yi, don mutanenmu su sami inda za su huta ba sai sun yi fasfo ba. Roƙona ga duk wanda zai zuba kuɗinsa a ciki, kafin ya kira mai zanen gini, ya fara zama da sarkin ruwa da dagatan ƙauyukan da ke gaɓar.

Ranar da za mu tafi, dattijon nan ne ya mayar da mu bakin hanya. Hazo bai gama washewa ba. A tsakiyar ruwa na roƙe shi ya kashe inji. Muka fuskanci arewa mu uku, muka ɗaga hannu, muka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu ga Malam Umaru da kakan dattijon da duk Musulmin da ke kwance a ƙarƙashin wannan ruwa, muka roƙa wa sauran waɗanda aka tasa da zuriyarsu sauƙi. Mai ɗakina tana share hawaye da bakin mayafi. Can gefe, wajen igiyar, na hango kwalekwalen nan na jiya, yaron yana zaune a baya yana kwalfe ruwa da ƙoƙonsa.

Da muka sauka na ciro abin da ya sawwaƙa na miƙa wa dattijon. Ya karɓa ya yi godiya, sannan ya riƙe hannuna bai saki ba. Ya ce, "Malam, ni ban taɓa zuwa Kano ba, kuma ban ga alamar zan je ba. In ka koma, ka gaya musu akwai nasu a nan. Ka ce mutanen Kete suna gaishe su."

Jama'ar Kano, da duk inda wannan murya ta kai, ga saƙon na isar.